Daren da ake soma ƙirga

A Sabon Birni da Isa, wanda ya ce "daren Juma'a" yana nufin daren da ya biyo bayan faɗuwar ranar Alhamis, domin a lissafin Musulunci dare ke gaba da yini. Yahudawa ma haka suke lissafi, kuma a kan wannan suka gina ibadar da suke kira ƙirgar Omer.

Omer mudu ne na sha'ir da a zamanin da ake kaiwa Haikalin Ƙudus a farkon girbi. Daga dare na biyu na idin Fesak, wato 16 ga watan Nisan, ana ƙirga kwana 49, a yi idin Shabu'ot a na 50. Lokacin ƙirgar shi ne bayan fitowar taurari. Wanda ya manta da dare, sai ya rama da rana ba tare da addu'ar albarka ba. Wanda kwana guda cur ya kuɓuce masa zai ci gaba da ƙirga, amma ya rasa wannan addu'a har ƙarshe, saboda an ce makonni bakwai ɗin su kasance cikakku.

Babban saɓanin yana kan ranar farko. Attaura ta ɗora farawar a kan washegarin Asabar. Malaman Yahudawa suka fassara Asabar ɗin da ranar hutun farko ta Fesak. Ƙara'iyawa da Samariyawa suka riƙe Asabar ta mako, shi ya sa idinsu kullum ran Lahadi yake faɗawa.

Bagobirin bakin iyaka ya san nauyin irin wannan. A 2024 Nijar ta yi ƙaramar Sallah ran Talata, 9 ga Afrilu, Nijeriya kuwa, bisa sanarwar Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, sai ran Laraba. Dangi na Tsibiri da Maradi suna cin tuwon Sallah, 'yan'uwansu na Sabon Birni na riƙe da azumi, alhali sama ɗaya ce ta lulluɓe su.

Babu ɓangaren da ya kasa ƙidaya. Abin da ya raba su shi ne wanda aka yarda ya ce "yau ɗaya ga wata". Da zarar an saɓa a nan, duk iya lissafin mutum, ba zai haɗu da ɗan'uwansa a filin idi rana ɗaya ba.