Lasifikar da Ta Yi Shiru

Karatu: 1 Korintiyawa 12:14-26; Romawa 15:1-2

Yau labarin wani tsohon akwati zan ba ku, da kunyar da ya sa na sha.

Duk wanda ya taso a ikkilisiyarmu ta gida, can tsakanin Kura da Bunkure, ya san baƙin amfilifayan jitar nan mai tayoyi da ke zaune kusa da bagade. Sunansa Roland JC-120, ana kuma ce masa Jazz Chorus. Kamfanin Roland na ƙasar Japan ya fara fitar da shi a 1975. Lasifika biyu gare shi, kowace inci 12, kowace da ƙarfin wat 60. Namu ɗan gwanjo ne. Iyayenmu suka sayo shi a Sabon Gari, Kano, da kuɗin shinkafar baikon godiya, a wata shekara da ruwan Tiga ya wadata, noman rani ya yi albarka. Ina sakandare a lokacin.

Kowane mawaƙi da abin da yake faɗi a kansa. Dattijon da ya fara kaɗa mana jita, wanda kowa ke kira Baba, yakan ce, “Wannan akwati ba ya ƙarya. Abin da yatsanka ya faɗa, shi zai faɗa wa jama'a.” Gaskiyarsa ce, don an san shi da murya tas, ba ya rufa wa mai kuskure asiri. Saboda wannan muryar ce manyan makaɗan Turai da Amurka, irin su Andy Summers na ƙungiyar The Police da James Hetfield na Metallica, suka yi amfani da shi. Mai buga mana ganga kuwa nauyinsa kawai yake tunawa, yadda mukan ɗaure shi a bayan babur mu bi gefen kanal zuwa ƙauyuka wa'azi, ƙura ta yi mana fari fat. Samarin yanzu sukan ce ya tsufa, kuma yana huci kamar kububuwa in an yi shiru. Amma da zarar an murɗa maɓallin nan na koras, gardama ta ƙare. Jita ɗaya sai ta zama kamar biyu, sauti ya cika ɗakin sujada kamar ruwan da aka sako cikin fadama.

Bara, da na zo hutu daga makarantar tauhidi inda nake koyarwa, na tarar wani yaro ɗan shekara goma sha tara ne ke riƙe da jita. Aka fara waƙa, sai na ji sautin yana tangaɗi, ya hau ya sauka, kamar tsirkiyar ba ta ɗauru ba. Mata suka riƙa kallon juna. Bayan sujada Baba ya karɓi jitar, ya kashe koras kamar yadda ya saba in zai daidaita tsirkiya, ya kaɗa, sauti ya fito daidai. Shi ke nan, hukunci ya tabbata. A gaban sauran mawaƙa na ce wa yaron aikin Ubangiji ba wasa ba ne, in kunnensa bai kai ba ya koma benci ya koya. Ya ce, “Baba Fasto, na daidaita ta fa.” Na ce kada ya yi mini gardama.

Lahadi uku ba a gan shi ba.

Kafin in koma makaranta, aka ce hucin akwatin ya ƙaru, sai na kai shi Kano wurin wani mai gyaran kayan sauti. Ya jona jita, ya kara kunne a lasifikar farko, ya kara a ta biyu, ya yi dariya. Ya ce ɗaya ta mutu tun tuni. Sa'an nan ya bayyana mini abin da ban taɓa sani ba duk shekarun nan. In an kunna koras, lasifika ɗaya tana fitar da sautin jita yadda yake, ba canji. Ɗayar kuwa tana ɗan jinkirta shi, tana kaɗa shi sama da ƙasa kaɗan-kaɗan. Daɗin da muke ji ba ya cikin ko ɗayarsu. A iska suke haɗuwa, kafin su iso kunne. To, tamu da ta mutu ita ce mai tsayayyar murya. Mai rawar murya ce kaɗai ta rage, shi ya sa muka ji tangaɗi. In an kashe koras kuwa, mai ran takan fitar da sauti daidai, abin da ya faru ke nan a hannun Baba.

Ashe yaron ya daidaita jitarsa. Abokiyar tafiyar muryarsa ce ta yi shiru, mu kuma muka ɗora masa laifi.

A mota, ina komowa ta hanyar Zariya, maganar ta ƙi barina. Na shekara ina koya wa ɗalibai wasiƙar Bulus zuwa ga Korintiyawa, inda ya kwatanta ikkilisiya da jiki ɗaya mai gaɓoɓi da yawa, ya nuna ba gaɓar da za ta iya sallamar 'yar'uwarta, har ma waɗanda ake gani raunana su ne ba a iya rabuwa da su. Na iya fassara wannan a allo. Amma ranar da wata gaɓa ta yi rawa a gabana, wuƙa na ɗauko.

Sau nawa muke yin haka? Mu ga matashi yana tangaɗi cikin bangaskiya, yau yana sujada gobe ba ya nan, yana tambayoyin da ba ma so, sai mu ce yaran zamani sun lalace. Ba ma tsayawa mu tambaya, ina tsayayyar muryar da ya kamata ta kasance kusa da shi? Wa ya ziyarce shi? Wa ya zauna ya yi addu'a tare da shi? Romawa 15 ta ɗora nauyin raunana a wuyan masu ƙarfi ne. Sau da yawa lasifikar da ta mutu mu ne, manya.

Ku ma matasa, akwai naku. Muryar da ke rawa, in ta ware ita kaɗai, ba daɗin ji. Kada ka ce dattawa sun tsufa, suna huci, ka janye. Ƙwazonka da tambayoyinka suna bukatar wanda ya daɗe a tsaye. Mu ma in babu ku, sautinmu daidai ne amma a bushe. Ubangiji bai ce mu zama murya iri ɗaya ba, waƙa ɗaya ya ba mu.

Na sami yaron a gonar tumatir ɗinsu wajen Kadawa, yana jan ruwa cikin kunya-kunya, ƙafafunsa duk laka. Na ce, “Ɗana, na yi maka laifi a gaban jama'a. Ka gafarta mini.” Ya daɗe yana kallon ruwan. Ya ce ba komai, amma na ga akwai komai. Saboda haka Lahadin da ta biyo, a gaban mawaƙan da na kunyata shi, na sake faɗa. Baba ma ya miƙe ya ce shi ya fara kuskuren.

Ya dawo, ko da yake ba nan da nan ba. Har yanzu in muka gaisa akwai ɗan nisa tsakaninmu, ina kuma roƙon Allah ya rufe shi. An sa wa akwatin sabuwar lasifika. Baba kan zauna a bencin gaba, kusa da yaron, ba ya kaɗa komai, yana nan dai.

Tambaya domin wannan mako: wa ke tangaɗi kusa da kai, wanda shirunka ya bari shi kaɗai? Kada Lahadi ta zo ba ka neme shi ba.

Addu'a: Ya Uba, ka gafarta mana saurin hukunci. Inda muka yi shiru, ka maido mana da murya. Ka haɗa manya da yara su zama yabo ɗaya a gabanka. Cikin sunan Yesu, amin.