Na Daina Biyan Kuɗin Dikoda

Bayan cire tallafin mai a 2023, na zauna na yi lissafi, sai na ga kuɗin dikoda na wata ɗaya ya kai cefanen kwana uku a gidana. Na ce a'a, ciki ne gaba. Na tafi Dugbe na sayo eriya, yaron maƙwabci ya hau rufi ya ɗaura mini ita.

Eriya ta kamo NTA da BCOS tar, ba ko sisi. Sai dai a nan Sabon Ibadan abin da take kawowa Yarbanci ne da Turanci. Fina-finan Hausa kuwa suka koma YouTube, kowa da wayarsa a ƙuryar ɗaki. Falon da a da ke cika bayan isha'i ya zama kufai.

Hajiya, mahaifiyata, ba ta iya latsa waya ba. Wata rana ta ce, "Kai, Malam, yaran nan yanzu a ina za su riƙa jin Hausa?" Maganar ta tsaya mini a rai, don ƙaramarsu ta fi sakewa da Yarbanci.

Ban koma biya ba. Kebul na saya mai haɗa waya da talabijin. Duk daren Juma'a nakan sa data, mu kalli Labarina tare, Hajiya na fassara wa jikoki karin magana. Dokar ɗaya ce: wanda ya shigo falo, ya ajiye wayarsa a kan tebur.