Hular Kwano Da Ƙoƙon Kai

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili cikin jaridarka in faɗi abin da ya daɗe yana cina a rai, ko Allah ya sa wani ya amfana.

Akwai wani yaro da na koyar a makaranta, da ya girma bai sami aiki ba sai ya kama acaba. Duk ran da ya gan ni a hanya yakan tsaya ya ɗauke ni, ba ya karɓar ko kwabo. Yana da hular kwano, amma kullum a rataye take a kan babur. Sau ɗaya ya miƙo mini ita, na dubi hulata ta zanna, na ce masa, "Haba ɗana, ni da furfurata in kifa kwano a ka?" Muka yi dariya. Da daminar bara akuya ta gitta masa, ya kauce, ya faɗi, kansa ya bugi bakin kwalbati. Ba gudu yake ba, ba ƙashin da ya karye a jikinsa, amma kwanansa uku a asibiti bai farfaɗo ba. Ya bar mata da 'ya'ya biyu. Allah ya jiƙansa.

A wurin zaman makoki kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne, ba mai ja da hukuncin Ubangiji. Amma ni da na koya masa karatu, na kuma koya masa raina hular nan, zuciyata ba ta kwanta ba. Shi ya sa na shiga binciken asalinta, ga kuwa abin da na samu.

Cikin watan Mayu na 1935 wani shahararren hafsan Ingila, T. E. Lawrence, yana bisa babur ya kauce wa yara biyu masu kekuna, ya faɗi ba hula, bayan kwana shida ya mutu. Cikin likitocin da suka duba shi akwai Hugh Cairns, mutumin Ostireliya, gwanin aikin ƙwaƙwalwa. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, sai ya ga sojoji masu kai saƙo a kan babur suna ta halaka haka nan. Bai tsaya ga jimami ba, ya bi su ɗaya ɗaya yana rubuta inda kowa ya ji rauni, da ko yana da hula ko babu. Ya buga sakamakon a 1941, a shekarar nan kuwa aka wajabta hular a kan sojan Ingila. Farar hula ba a tilasta musu ba sai 1973.

Dalilin amfaninta ba wuyar ganewa. Ƙwaƙwalwa aba ce mai taushi, tana zaune cikin ruwa a ƙoƙon kai. Idan kai ya tsaya farat ɗaya, ita ba ta tsaya ba, sai ta bugi ƙashi daga ciki, jini ya taru, ta kumbura, ba kuwa wurin da za ta buɗa. To, ɓawon hular mai tauri yana watsa ƙarfin bugun, soson da ke ciki kuma yana lotsewa, watau shi ke shan wahalar a maimakon kai. Saboda haka hular da ta taɓa shan bugu mai tsanani ta gama aikinta, a sake wata. Wadda ba a ɗaure igiyarta a haɓa ba kuwa, ita ce ke fara tashi kafin mutum ya kai ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hula mai kyau da aka sa daidai tana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa har da kashi 74 cikin 100. A rahotonta na 2023 kuma ta ƙiyasta mutum wajen miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a kan hanyoyin duniya.

Mu fa, me muka yi? A Janairun 2009, da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara kama marasa hula, sai aka ga waɗansu 'yan acaba a Kano sun kifa ƙwarya a ka, har labarin ya kai ƙasashen waje. Ni ma na yi dariya a lokacin. Ashe mun ɗauka dokar don jami'i aka yi ta, alhali kuwa kwalta ba ta san wayo ba.

Na san uzurin mutane, ba kuwa duka ne banza ba. Akwai zafi, akwai tsada, akwai ƙyamar sa hular da kawuna ɗari suka yi wa gumi. Har akwai masu tsoron a yi musu sammu da ita. Amma mai ƙyama yana iya sa ƙyalle ko tagiya a ƙarƙashi, mai hawa kullum kuma ya sayi tasa. Kuɗinta bai kai na kwana ɗaya a ɗakin masu rauni ba. Hukuma ita ma da nata: ta hana shigo da hulunan roba marasa soso, gama waɗannan da ƙwarya duk ɗaya ne.

Ya ku 'yan'uwana malamai da ma'aikata, mu ake kallo. In liman ya faɗa a huɗuba, malamin makaranta ya sa tasa ya shiga gari, yara za su daina jin kunya. Mu ne muke karantar da labarin mai raƙumin nan da aka umarta ya ɗaure shi tukuna, sa'an nan ya dogara ga Allah. Ni dai na sayi tawa, zannar kuwa a aljihu take tafiya sai na sauka. Ana yi mini dariya, ina haƙuri, gama na san inda irin dariyar nan ta kai mu.

Allah ya kiyashe mu, ya sa mu gama lafiya, amin. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani tsohon malamin makaranta, Zariya.