Gwajin Fitsarin Mai Juna Biyu: Tsinke, Madubi Ko Reno?

Aikin jarida ya sha kai ni ɗakunan awon ciki, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne 'yar kwalbar nan da akan miƙa wa kowace mace a ce ta kawo fitsari. Yawancin mazaje ba su san dalilinta ba.

Dalilin kuwa shi ne, daga cikin mata 100 masu juna biyu akan sami 2 zuwa 10 da ƙwayoyin cuta a mafitsara, alhali ba zafi, ba zazzaɓi. In aka bar su sai su hau zuwa ƙoda, har su jawo haihuwar bakwaini.

To, hanyoyin gano su uku ne. Ta farko tsinken gwaji, wanda akan tsoma a fitsari a ga ya sake launi cikin minti biyu. Arha gare shi, ga sauri, amma yakan tsallake masu cutar da dama, domin alamar da yake nema sai fitsari ya yi kamar awa huɗu a mafitsara take bayyana, mai ciki kuwa ba ta iya riƙe shi haka. Wasu ƙwayoyin ma ba su barin wannan alama ko kaɗan.

Ta biyu rini, watau dabarar da likitan nan na ƙasar Denmak, Hans Christian Gram, ya fito da ita a 1884. Akan shafa ɗigon fitsari bisa gilashi, a rina, a duba da madubin likita. Ido yakan ga ƙwayoyin a ranar, sai dai ba zai faɗi maganin da zai kashe su ba.

Ta uku reno. Akan shuka fitsarin a faranti, a ajiye cikin ɗumi kwana ɗaya zuwa biyu, sa'an nan a ƙidaya abin da ya tsiro. Edward Kass na Amurka ne ya kafa ma'aunin ƙwayoyi 100,000 a kowace mililita, cikin shekarun 1950. Reno kaɗai ke nuna irin ƙwayar da maganin da take ji, amma yana son wutar lantarki da ƙwararru da kuɗi.

A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce reno ne gaba. Inda babu shi, rini ya fi tsinke.

Ni dai a ganina, sauri ba shi ne sahihanci ba. Saboda haka, malam mai gida, in an ce fitsarin iyalinka lafiya lau, tambayi ma'aikacin cikin ladabi ta wace hanya aka gwada. In da halin reno, kuɗinsa bai kai na jinyar ƙoda ba. Allah ya sauki matanmu lafiya, amin.