Babur Mai Doguwar Ƙafa

Sai da na yi asarar buhun taki biyu a damunar 2023 kafin na yarda cewa Boxer ɗina ba na hanyar gonarmu ba ne. Ina zaune a Madobi, amma filin da nake nomawa yana ɓangaren Kura, cikin gonakin da ke shan ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Da rani hanyar gefen magudanar ruwa ƙura ce, kowane babur yana bi. Da damuna kuwa laka ce mai kama taya kamar ƙaro. Ranar nan laka ta cushe tsakanin tayar gaba da marfinta, tayar ta daina juyawa, na zube gefe, buhunan suka gangara cikin ruwa. Wata uku ke nan da cire tallafin man fetur, komai ya yi tsada, takin ma bashi na ci.

A gona na fara lura da irin baburan da malaman gona da ma'aikatan lafiya ke hawa, masu doguwar ƙafa. Tayarsu mai ƙuraje ce, marfin tayar gaba yana can sama inda laka ba za ta cushe ba, salansa ma a ɗage take. An ƙera su ne su bi kwalta su kuma bi jeji. Sabo ya fi ƙarfina nesa ba kusa ba, sai dai na hannu. Da aka yi girbi na ware buhu goma sha huɗu na shanshera, na sayar da Boxer ɗin na haɗa.

Baba bai so ba. "Kowa a garin nan Boxer yake hawa," in ji shi, "idan ya lalace yaron bakanike ma zai gyara. Kai kuma ka tashi neman raƙumi." Na ce masa, "Baba, raƙumin ne zai kai ni gona." Sai ya ce to in tafi da bakanikenmu, kada in kuskura in je ni kaɗai.

Wani dillali a cikin birnin Kano ya kai mu ga na farko. Ja ne, yana sheƙi, an wanke shi tas, kuɗinsa kuma ƙasa da abin da na tanada. Zuciyata ta riga ta saya. Bakanike bai ce komai ba, ya dai ɗora bayan hannunsa a kan injin, ya dube ni. Da ɗumi. Tun a mota ya gaya min cewa babur na hannu a sanyi ake tayar da shi, domin injin da aka ɗumama yana ɓoye wahalar tashi da hayaƙin farko. Daga nan ya durƙusa ya goge wurin lambar inji da tsumma. Lambobi biyu na ƙarshe ba su yi layi da sauran ba, kuma ƙarfen wurin ya fi kewayensa santsi. Ya tambayi rasit, dillali ya ce mai shi ya yi tafiya da takardun, amma za a rage mana wani abu. Bakanike ya miƙe ya kaɗe wandonsa. A hanya ya ce min, "Wanda aka kama da babur ɗin sata ba a tambayarsa nawa ya saya." Na yi shiru har muka iso gida, ina tuna yadda na kusa miƙa noman shekara guda.

Bayan mako uku aka ba mu labarin wani dattijo a Bunkure, tsohon malamin gona da ya yi ritaya. Nasa Honda XL 125 ne, fentin tanki ya koɗe, an ɗinke kujerar da zare. Da a kasuwa na gan shi ba zan waiwaya ba. Kafin mu taɓa shi dattijon ya ce, "Ɗana, zauna in gaya maka aibinsa tukuna." Ya lissafa: shokazobar gaba ta hagu tana zubar da mai, sarƙa ta kusa ƙarewa, ya taɓa faɗuwa da shi har hannun kuloci ya karye aka sauya. Sannan ya shiga ɗaki ya fito da leda. A ciki akwai takardar gwanjon da ya saye shi, da takardun rajista, da wani ƙaramin littafi irin na 'yan makaranta. Duk ranar da ya juye baƙin mai ya rubuta, duk fulogin da ya sauya ya rubuta.

Bakanike ya yi aikinsa duk da haka. Ya taɓa inji, sanyi ƙalau. Bugu biyu ya tashi, babu shuɗin hayaƙin da ke nuna inji na shan baƙin mai. Ya bi wayoyin taya ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa, ya duba ƙarfen jiki ko an taɓa yi masa walda, ya gwada lambar inji da ta takarda. Bai sami aibi ko ɗaya da dattijon bai riga ya faɗa ba. Kuɗin ya fi na jan babur ɗin, sai da na ƙara buhu biyu. Muka rubuta takardar ciniki a gaban mai unguwa da shaidu biyu. Da zan tafi dattijon ya miƙo min littafin. Gwiwa ce ta hana shi hawa, in ji shi, ba don haka ba da bai sayar ba.

Maganar Baba ba ta faɗi ƙasa ba. Kayan gyaransa ba a samunsu a Madobi. Robar shokazoba kaɗai sai da na je kasuwar Ƙofar Ruwa sau biyu, babur yana jingine kwana tara ana tsakiyar ban ruwan alkama. Maiɗakina har yau sai ta taka dakali take hawa, kuma ba ya ɗaukar kaya kamar Boxer sai da na sa aka ƙera masa kariya. Amma damuna biyu ke nan ban kwana da taki a hanya ba, kuma ranar da ɗan maƙwabcina ya sare ƙafarsa da lauje a tsakiyar gonar shinkafa, ni na fito da shi zuwa titi.

Littafin yana nan a ledarsa. Na ci gaba daga inda dattijon ya tsaya. Makon jiya na faɗi a kan wata 'yar gada, tanki ya lotsa kaɗan, bakanike ya ce zai buga shi ya shafe yadda ba mai ganewa. Na ce ya buga. Da dare na ɗauko biro na rubuta ranar da wurin da ya lotsa.