Tsiro Ma Yana Tanadin Dare

Da magariba tsamiya takan naɗe ganyenta, ta buɗe shi da safe. Mai kallo zai ɗauka rana ce kaɗai ke ba ta umarni. A shekarar 1729 wani masanin taurari Bafaranshe, De Mairan, ya gwada wannan zato: ya kulle wani tsiro mai irin wannan ɗabi'a a cikin duhu, sai ya tarar ganyen bai fasa buɗewa da rufewa a kan lokaci ba. Ashe a jikin tsiron agogon yake.

Amfanin agogon yana bayyana a wajen cin abinci. Ganye yana haɗa sukari ne daga ruwa da iskar kabon da ƙarfin hasken rana, don haka aikin yakan tsaya da faɗuwarta. Amma tsiro ba ya daina numfashi da girma cikin dare. Saboda haka da rana yakan ajiye wani kaso na sukarin a matsayin sitaci, kamar yadda maigida ke cika rumbu da kaka.

Masana a Ingila sun bi diddigin wannan rumbu a jikin wani ƙaramin tsiron gwaji mai suna Arabidopsis. Sun gano yana cin sitacin daidai wa daida, ta yadda sai gab da asuba yake ƙarewa. Idan aka kashe masa fitila da wuri, sai ya rage ci don abincin ya kai shi safiya. Da aka mayar da yini da darensa awa 28 kuwa, sai ya ci gaba da lissafi da awa 24, rumbun ya ƙare gari bai waye ba, girmansa ya ragu. Wani binciken na Jami'ar Kambirij a 2005 ya nuna tsiron da agogonsa ya dace da yininsa ya fi kama iskar kabon, ya fi saurin girma.

Lamarin ya shafi gona kai tsaye. Da wannan agogo dawar gargajiya take auna tsawon dare, ta fitar da kai daidai ƙarshen damina. Shi ya sa irin da ya saba da Zariya, idan aka kai shi can arewa inda damina ke gajarta, ruwa na iya ɗaukewa kafin ya zuba ido.