Gardamar Finafinan Besbol

Mun daɗe muna gardama da abokina kan fim ɗin da ya fi a finafinan besbol, wasan Amurkawa. Shi Moneyball ya riƙe, wai yadda Billy Beane ya haɗa 'yan wasan Oakland masu araha da lissafi, har suka ci wasa 20 a jere a 2002. Ni kuwa 42 na zaɓa, labarin Jackie Robinson, baƙar fatar da ya shiga Brooklyn Dodgers a 1947. Ana zaginsa a fili, ga zuciya, amma an gindaya masa sharaɗin kada ya rama. Ko ba ka san dokokin wasan ba, sai abin ya tsaya maka a rai. Abokina dai cewa ya yi tausayi na zaɓa, ba fim ba.